Macafkin ƙuda mai baƙi da fari: na Turai ne ko na Afirka, kuma daga ina matsalarsa take?

Idan ɗan tsuntsu yana ƙyanƙyashe ƙwai a Turai amma yana shafe rabin shekara a Afirka ta Yamma, na wace nahiya ne? Idan kuma aka wayi gari yawansa ya ragu, a wane ɓangare za a nemi dalili? Wannan muhawara ta sake tasowa tun watan Fabrairun 2024, lokacin da aka gabatar da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na farko kan halin da dabbobi masu ƙaura suke ciki, a wani taro da aka yi a Samarkand ta ƙasar Uzbekistan. Rahoton ya ce kashi 44 cikin 100 na nau'o'in da yarjejeniyar kare masu ƙaura ta lissafa suna raguwa, kuma fiye da ɗaya cikin biyar na fuskantar barazanar ƙarewa. A shekarar ce kuma aka ware Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya don jan hankali kan ƙwari, wato abincin yawancin waɗannan tsuntsaye.

Da zarar an ɗauko zancen, amsa biyu ake saurin ji. Wasu a Turai suna ɗauka cewa tsuntsayensu suna tafiya lafiya, a Afirka ne suke salwanta. Wasu a Afirka kuma suna ganin ai baƙi ne masu wucewa, damuwar Turawa ce. Duka biyun gajerun amsoshi ne, kuma babu tsuntsun da ya fi dacewa a gwada su a kansa kamar macafkin ƙuda mai baƙi da fari, wanda masana ke kira Ficedula hypoleuca, domin yana cikin tsuntsayen da aka fi bincika a duniya.

Yadda kamanninsa suke, da dalilin da ya sa ba a gane shi a Afirka

Ƙaramin tsuntsu ne. Tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya santimita 12 zuwa 13 ne, nauyinsa kuma wajen giram 12 zuwa 13, daidai da ƙaramin batirin rimot. Bakinsa gajere ne, siriri a tsini, mai ɗan faɗi a gindi, da 'yan gasu masu tauri a gefe. Idonsa baƙi ne wuluk, mai ɗan girma idan aka kwatanta da kansa.

Hoton da aka fi yaɗawa shi ne na namiji a lokacin kiwo a Turai: kai da baya baƙaƙe, ciki da maƙogwaro farare tas, babban tabo fari a fiffike, ɗigo ɗaya ko biyu farare a goshi daf da baki, da fari a gefen wutsiya. To amma wannan riga ta 'yan watanni ce. Kafin ya baro Turai yakan zubar da gashi ya koma ruwan ƙasa-ƙasa a baya, ciki fari mai ɗan dushewa, irin launin tamata. A haka yake isowa Afirka, a haka kuma yake zama har wajen Fabrairu da Maris, sannan ya sake sauya gashi don komawa. Shi ya sa wanda ya san shi a hoto kawai zai iya tsayawa ƙarƙashin bishiyar da yake kai bai gane shi ba. Abin da ba ya ɓacewa a kowane lokaci shi ne farin zanen fiffike. Ko a Turai ma ba dukkan maza ne baƙaƙe ba. Tun 1936 wani masani Bajamushe, Rudolf Drost, ya kasa launin mazan gida bakwai, daga baƙi ƙirin zuwa ruwan ƙasa da ba a bambanta shi da tamata, kuma har yau masu bincike da wannan ma'auni suke aiki.

Ɗabi'arsa ta fi launinsa saurin tona shi. Zai sauka a reshe na tsakiya ko na ƙasa, ya miƙe, ya ɗaga fiffike ɗaya sama da sauri ya mayar, ya ɗan kaɗa wutsiya, yana wani gajeren kuka mai kaifi. Sai ka ga ya yi wuf ya cafke ƙwaro a iska, ko ya tsince shi a bayan ganye, ko ya dira ƙasa ya ɗauki tururuwa, sannan ya koma wani reshe dabam. Wannan sauya reshe na da amfani wajen rarrabewa, domin ɗan'uwansa mai zane-zane a ƙirji, Muscicapa striata, wanda ya ɗan fi shi girma kuma launinsa toka-toka ne ba tare da farin tabon fiffike ba, yakan tashi ya dawo kan reshen da ya bari, ya yi ta maimaitawa.

Akwai wasu 'yan'uwa na kusa da ke rikita har ƙwararru. Ficedula albicollis, wanda namijinsa ke da farin zobe kewaye da wuya, yana kiwo a tsakiya da kudu maso gabashin Turai, ya yi hunturu a kudancin tsakiyar Afirka, wajajen Tanzaniya, Zambiya da Malawi. A tsibiran Gotland da Öland na Suwidin yana haɗuwa da macafkin ƙuda mai baƙi da fari har su yi barbara. Akwai kuma wanda ke kiwo a tsaunukan Atlas na Maroko, Aljeriya da Tunisiya, wanda masana da yawa suka ware a matsayin nau'i mai zaman kansa.

Inda yake zama a tsawon shekara

Wurin kiwonsa yana da faɗi ƙwarai: daga Sifaniya da yammacin Birtaniya, ta Holan, Jamus, Norwe, Suwidin, Finlan, har cikin yammacin Saiberiya a Rasha. Dajin manyan itatuwa yake so, musamman na itacen ok (wata babbar bishiya ta dazuzzukan Turai), domin a kogon bishiya yake sheƙa. Yana karɓar akwatin katako da mutane ke rataya masa ba tare da gardama ba, kuma wannan ne sirrin yawan binciken da aka yi a kansa: mai bincike zai iya buɗe akwati ya ƙirga ƙwai, ya auna 'ya'ya, ya sa wa uwa da uba zoben shaida a ƙafa, shekara bayan shekara. Tamata na saka ƙwai biyar zuwa takwas masu launin shuɗi mai haske, ta kwanta a kansu kamar mako biyu, 'ya'yan kuma su bar sheƙa bayan kwana 14 zuwa 17. Wani abin da aka lura da shi, wasu mazan, da zarar matar farko ta kwanta kan ƙwai, sukan je can nesa su kama wani kogon su jawo ta biyu, wadda yawanci ita ke ɗaukar mafi yawan wahalar ciyar da 'ya'yanta.

Duk wannan faɗin ƙasa, idan lokacin tafiya ya yi, tsuntsayen kan tattaru zuwa wani yanki da bai kai shi girma ba: Afirka ta Yamma kudu da Sahel, daga Gini, Saliyo da Laberiya, ta Kwaddibuwa da Gana, zuwa Najeriya da Kamaru. Dajin savana mai yawan itatuwa, bakin kurmi da itatuwan gefen rafi ne mazauninsa. Binciken da aka yi a gandun dajin Comoé na Kwaddibuwa ya nuna cewa a nan ma kowane tsuntsu yana kama ɗan yankinsa, ya kori 'yan'uwansa daga ciki, kuma wasu na dawowa daidai wurin a shekara mai zuwa. Wanda ke kare fili yana komawa cikinsa duk shekara ya wuce a kira shi mai wucewa.

A duba lissafin watanni. Yana isa Holan a tsakiyar Afrilu, arewacin Turai kuma a Mayu. Zuwa ƙarshen Yuli ko cikin Agusta ya kama hanya. Yana shigowa Afirka ta Yamma daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ya zauna har ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Ke nan wata uku zuwa huɗu a wurin kiwo, kusan wata shida a Afirka, sauran a hanya. A ganina wannan kaɗai ya isa ya kashe zancen cewa tsuntsun Turawa ne da ke kawo ziyara. Babu ƙasar da yake daɗewa a cikinta kamar inda yake hunturu.

Tsallake Sahara

A tafiyar kaka, hatta waɗanda suka fito daga gabas mai nisa sukan karkata yamma su bi ta Sifaniya da Fotugal. A can suke yada zango su ci ƙwari da 'ya'yan itace, su tara kitse mai yawa a ƙarƙashin fata, domin shi ne guzurin tafiyar. Abin da ke gabansu hamada ce mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000, babu abinci, babu ruwa.

An daɗe ana ɗauka cewa ƙananan tsuntsaye da dare suke tafiya, da rana su sauka su fake a inuwar dutse. Da yawa haka suke yi. Amma a 2016 masu bincike biyu daga Jami'ar Groningen ta Holan, Janne Ouwehand da Christiaan Both, suka wallafa sakamakon wata 'yar na'ura da ba ta kai giram ɗaya ba, wadda ake ɗaura wa tsuntsu a baya tana rubuta hasken rana. Daga lokacin fitowar rana da faɗuwarta ake ƙiyasta inda yake, daga yanayin hasken kuma ake gane ko yana sama ko yana cikin ganye. Sakamakon ya nuna macafkin ƙuda yana iya tashi sa'a 40 zuwa 60 bai sauka ba, dare da rana. Halitta mai giram goma sha wani abu, kwana biyu ko fiye tana kaɗa fiffike ba ci ba sha. Duk lokacin da na tuna wannan, sai in ga bai kamata a yi maganar wannan tsuntsu da wasa ba.

Irin wannan na'ura ce kuma ta nuna cewa waɗanda ke kiwo a Birtaniya sun fi zuwa Laberiya da kudu maso gabashin Gini. Wannan na da muhimmanci, domin idan tsuntsayen wani yanki na Turai suna taruwa a wani yanki na Afirka, abin da ya sami dajin nan zai bayyana a ƙidayar can.

Matsalar lokaci: tsutsa ta riga shi

A nan ne zancen ya fi zurfi, kuma a nan aka fi samun hujja. 'Ya'yan macafkin ƙuda a dajin ok da tsutsar ganye ake ciyar da su. Wannan tsutsa ba ta daɗewa. Tana ƙyanƙyashewa lokacin da ganyen ok ya tsiro yana da laushi, ta yi yawa na 'yan makonni, sannan ta sauka ƙasa ta shige. Dole ƙyanƙyasar tsuntsu ta dace da wannan ɗan tsakani.

Ɗumamar yanayi ta sa bazarar Turai tana shigowa da wuri. Ganye na tsirowa da wuri, tsutsa ma haka. Tsuntsayen da ke zaune a can duk shekara suna jin ɗumin a jikinsu, su matso da lokacin ƙwai. Shi kuwa macafkin ƙuda yana can Kwaddibuwa ko Gana, nisan kusan kilomita 5,000, ba shi da hanyar sanin yadda Afrilun bana za ta kasance a Holan. Abin da ke tashinsa agogo ne na cikin jiki, wanda aka gada, tare da ɗan sauyin tsawon yini. An tabbatar da haka tuntuni a cibiyar bincike ta Max Planck ta Jamus, inda masani Eberhard Gwinner ya nuna cewa tsuntsun da aka rena a keji, bai taɓa ganin hanya ba, yakan fara rashin natsuwa da dare daidai lokacin da 'yan'uwansa na daji ke shirin tashi.

A 2001 Christiaan Both da wani mai bincike, Marcel Visser, suka nuna cewa a Holan tsuntsayen sun matso da lokacin saka ƙwai, amma ranar isowarsu daga Afirka ba ta sauya sosai ba. Wato sun rage hutun da suke yi tsakanin isowa da fara ƙwai, kuma wannan ragi yana da iyaka. A 2006 aka kwatanta wurare tara a ƙasar, aka ga cewa a dazuzzukan da tsutsa ke saurin kaiwa ganiya, yawan tsuntsun ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a cikin shekara ashirin, alhali a inda tsutsar ke jinkiri raguwar kaɗan ce. Tsuntsaye iri ɗaya ne, hanya ɗaya suke bi, yanki ɗaya suke hunturu. Bambancin yana dajin Turai ne. Wanda ke cewa a Afirka kaɗai ake asararsu ba shi da amsar wannan.

Akwai wata wahalar kuma. Wani tsuntsu mai baƙin kai da rawayan ƙirji, Parus major, wanda ba ya ƙaura kuma ya fi shi ƙarfi, shi ma a kogo yake sheƙa. Idan macafkin ƙuda ya iso ya leƙa kogon da wancan ya riga ya kama, faɗan kan ƙare da mutuwa, a tarar da gawarsa cikin akwati da rauni a ka. Binciken da aka wallafa a 2019 ya danganta yawan irin wannan kisa da shekarun da hunturu ya yi sauƙi, masu gida suka yi yawa, kuma lokacin isowar baƙon ya ci karo da lokacin ƙwansu.

Sai dai tsuntsun bai tsaya cak ba. Wata masaniya, Barbara Helm, da abokan aikinta sun maimaita wani gwajin keji da aka yi a 1981 da wasu 'ya'yan da aka ɗauko daga yanki ɗaya a 2002, suka tarar agogon bazara na sabbin ya matso gaba da kwana tara. Wannan sauyi ne na gado cikin shekara 21 kacal. A Birtaniya ma, an sa shi cikin jerin ja na tsuntsayen da suka fi shiga haɗari a 2015, amma a 2021 aka sauko da shi mataki ɗaya. A matakin duniya kuwa, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, har yanzu tana lissafa shi cikin waɗanda ba sa fuskantar barazanar ƙarewa, domin yawansa miliyoyi ne. Don haka duk wanda ya ce yana gab da ɓacewa ya yi ƙari.

Abin da ke faruwa a hanya da kuma Afirka

Wannan ba ya wanke sauran ɓangarorin. A kewayen Bahar Rum, ƙiyasin da ƙungiyar kare tsuntsaye ta BirdLife ta fitar ya ce ana kashe tsuntsaye miliyan 11 zuwa 36 duk shekara ba bisa ƙa'ida ba, ta raga, tarkon danƙo da bindiga, kuma Masar, Italiya, Siriya, Labanan da Saifurus na cikin inda abin ya fi ƙamari. Yawancinsu ƙananan tsuntsaye ne masu ƙaura. Ƙwarin ma suna raguwa: wani bincike na 2017 ya nuna nauyin ƙwari masu tashi da ake kamawa a wuraren da aka keɓe a Jamus ya faɗi da fiye da kashi 75 cikin 100 a shekara 27.

Cewa yanayin Afirka na iya karya tsuntsayen Turai kuwa, tarihi ya riga ya nuna. Bayan ƙarancin ruwan sama a Sahel a 1968, wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke hunturu a can ya koma Birtaniya a 1969 ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku. Macafkin ƙuda yana zama kudu da Sahel, don haka fari bai cika dukansa kai tsaye haka ba. Abin da ya fi shafarsa shi ne itace. Faɗaɗa gonaki, saran itace don gawayi da katako, da ƙunar daji da ta wuce kima suna cinye irin dajin da yake zama. Ga kuma batun lokaci: makonnin da yake buƙatar tara kitsen tsallake Sahara a hanyar komawa, wato Maris zuwa farkon Afrilu, sun faɗo a ƙarshen rani, lokacin da ƙwari suka fi ƙaranci kafin ruwan farko. Idan abinci ya yi wuya a lokacin, ko da agogon jikinsa ya ce ya tashi, guzuri bai cika ba. Ta nan matsalar Afirka da ta Turai suke ƙulluwa: ana buƙatar ya isa can da wuri, amma tashinsa da wuri ya dogara ga abin da ya samu a nan.

Akwai rashin daidaito a binciken kansa, kuma ya kamata a faɗa. A Turai akwai akwatunan sheƙa da aka shafe fiye da shekara hamsin ana bibiya. A Afirka ta Yamma wuraren da ake irin wannan aiki na dogon lokaci ƙalilan ne, irin su Comoé da cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos. Ra'ayina shi ne bai dace a ɗora wa manomin Afirka laifi a kan zato ba, alhali rabin shekarar da tsuntsun ke yi a wurinsa ita ce mafi ƙarancin nazari. Kuɗin bincike da horar da masana 'yan yankin su ne za su cike wannan giɓi.

Ina ruwan talaka da wannan?

Tsuntsu ne mai cin ƙwari: ƙudaje, tururuwa, gara mai fiffike, tsutsotsi, ƙananan buzuzu. Ba ya cin hatsi, don haka ba ya cikin masu ɓarnar gona, kuma kuskure ne a haɗa shi da jan-baki a yi masa feshi ko tarko. Shi kaɗai ba zai kare amfanin gona ba, amma yana cikin wata runduna mai girma. Ƙiyasin da aka yi a 2009 ya ce ƙananan tsuntsaye kusan biliyan 2.1 ne ke tsallakowa daga Turai zuwa Afirka kowace kaka, kuma akasarinsu da ƙwari suke rayuwa. Itatuwan da suke buƙata, na gefen rafi da waɗanda ake bari a tsaye cikin gona, su ne dai masu riƙe ƙasa daga zaizaya da ba dabbobi inuwa. Bai buƙaci kurmin da ba a taɓa ba. Gona mai manyan itatuwa a warwatse ta fi masa fili fetal nesa ba kusa ba.

Game da fargabar murar tsuntsaye, an fi danganta yaɗuwarta da tsuntsayen ruwa irin su agwagin daji, da kuma safarar kaji, ba ƙananan tsuntsayen daji masu cin ƙwari ba.

Sai batun zobe, wanda ya sha jawo ruɗani. Akan kama tsuntsu da ƙarfe a ƙafa ko 'yar na'ura a baya, nan take a ce na leƙen asiri ne ko na sihiri. A 2013 an taɓa tsare wani shamuwa a Masar kan irin wannan zargi, daga baya aka gane na'urar bincike ce. Sa wa tsuntsaye zobe tsohon aikin kimiyya ne, wanda wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara a 1899. A jikin zoben akwai lamba da sunan cibiyar da ta sa shi, sau da yawa gidan tarihi ko sunan birni. Wanda ya sami irin wannan tsuntsu da rai, ya ɗauki hoton zoben yadda lambar za ta fito, ya sake shi ba tare da cire komai ba. Idan matacce ne, ya ajiye zoben. Abin da masu bincike ke buƙata shi ne lambar, ranar da aka same shi, sunan wurin, da halin da aka same shi a ciki, a aika wa cibiyar da ke rubuce a jiki ko ƙungiyar kare tsuntsaye ta ƙasar.